Matar da Ba Ta Amsa Sallamar Mas'uda Ba

Mutanen garin Isa suna ba da labarin Mas'uda ba daidai ba, kuma na gaji da jin sa haka. Cewa suke yi boko ya hau mata kai, ta ce babu aljanu, ta shiga kufai da gangan don ta gwada. Ƙarya ce. Ni yayar ubanta ce, a hannuna ta tashi, kuma ina wurin. Na yi aikin koyarwa har na ajiye shi ina shugabar makaranta, ban saba faɗin abin da ban gani ba. Yarinyar ba ta taɓa yi wa gaibu izgili ba. Abin da ya cuce ta shi ne ta bi darasinta sau da ƙafa.

Tana shekarar ƙarshe a wata ƙaramar jami'a, tana karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Binciken da za ta kammala da shi a kan matan da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu ne, da yadda suke rayuwa da abin da suka gani. An koya musu ƙa'idojin saurare, ta haddace su kamar karatun allo. Kada ka katse mai magana. Kada ka ƙaryata shi, ko da maganarsa ba ta shiga hankali ba. Ka tabbatar masa ba za ka tashi ba sai ya gama. Takan gwada su a kaina, ina yi mata tsawa tana dariya.

Ran nan na raka ta garin Gangara wurin matan, domin ban yarda budurwa ta bi hanyar ita kaɗai ba. Malam Jabir ya kai mu, dattijon direba ne da na daɗe da sani. Ta wuni tana hira da mata, muka juyo bayan la'asar. Rana ta yi ja sa'ad da taya ta fashe daura da wani kufai, ƙauyen da mutanensa suka watse. Malam Jabir ya fito da jak yana salati.

"Hajiya, kada kowa shi yi nisa," in ji shi. "Hanyag ga ba ta son almuru."

Muka tsaya bakin mota. Babu kukan akuya, babu hayaƙin girki. Geron da ya fito da kansa ya bushe a tsaye cikin gidaje. Sai muka ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, irin na ɓarar gyaɗa.

Wata mata ce zaune gindin rumbun da ya rushe, ta ba mu gefe, ta ja zane ta rufe kai. Akwai ƙwarya a cinyarta, yatsunta suna aiki.

"Gwaggo, dubi baiwar Allah," in ji Mas'uda. "Kowa ya gudu ya bar ta."

Ta nufe ta, na bi bayanta. Mas'uda ta yi sallama. Matar ba ta amsa ba. Ta sake yi. Ƙas, ƙas, ƙas.

Na kama gefen hijabinta. "Mu koma. Ba ta amsa ba."

"Haka suke yi, Gwaggo," ta ce a hankali. "Wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinshi, baki yakan mutu. Mun karanta shi."

Ta durƙusa gabanta, ta sassauta murya yadda aka koya mata. Na ji kalmomin da kunnena, kuma har in mutu ba za ni manta su ba.

"Inna, sunana Mas'uda. Ki gaya mini duk abin da ke ranki. Na yi miki alkawari ba za ni daina saurare ba sai kin gama."

Yatsun suka tsaya.

Wani wari ya taso, irin na ƙasan rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. A lokacin na leƙa ƙwaryar. Babu gyaɗa a ciki, babu ɓawo a ƙasa.

Matar ta fara magana. Ta ce suna daka aka shigo musu, ta faɗi wanda ya faɗi a bakin masallaci da wadda ta bar goyonta. Irin labarin da muka wuni muna ji ne. Mas'uda tana gyaɗa kai.

"Daga nan sai mi, Inna?"

Sai labarin ya koma baya. Ta ambaci wata yunwa da kakata ce kawai na taɓa ji ta ambata. Ta ambaci garuruwan da babu ko tushensu yanzu, da mutanen da aka binne kafin a haƙa rijiyar ƙauyen. Duk a bakinta ita abin ya sama. Na tsaya ina jiran ta ja numfashi.

Ba ta ja ba.

"Mas'uda, tashi."

Ba ta ji ni ba. Kanta ya karkata gefe, idanunta a buɗe ba ƙiftawa.

Na kama kafaɗarta na ja. Kamar ina jan turmin da aka binne rabinsa.

Muryar matar ta sauya. Ta zama ta tsoho, ta zama ta yarinya, ta koma ta mata da yawa suna magana da baki ɗaya. Na fara Ayatul Kursiyyu. Ayar da na koya wa ɗaruruwan yara, na kai tsakiya harshena ya sarƙe. Na koma farko. Ya sake sarƙewa.

"Sai wata mota ta lalace," in ji matar. "Tsohuwa ta kama kafaɗar ɗiyar ƙanenta. Tana karatu tana mantuwa. Yanzu za ta kira direba."

"Malam Jabir!" Bakina ya riga ni.

"Daga nan sai mi?" in ji Mas'uda. Hawaye na zuba a fuskarta, muryarta kuwa a natse.

Malam Jabir ya iso da gudu, ya ga abin da ke nan, ya runtse ido. Ya kama hannu ɗaya, na kama ɗaya. Muka ja har ƙafafunmu suka nutse cikin rairayi. Ko motsi ba ta yi ba.

Ba mu muka ƙwace ta ba. Ina so a fahimci wannan.

Matar ce ta yi shiru, ta ɗan juyo. Ban ga fuska ba, zanen kawai na gani.

"Ku tahi da ita," ta ce. "Ta yi alkawari. Ina iya ba ta labari ko'ina."

Nan take Mas'uda ta yi sakayau, muka zube tare. Muka kinkime ta zuwa mota. Malam Jabir ya riga ya sauya tayar, bai ko tsaya ɗaukar jak ɗinsa ba. Har muka ga fitilun Isa ina jin ƙas, ƙas, ƙas, kuma ba daga bayanmu yake zuwa ba. Daga kujerar da Mas'uda take yake fitowa.

An yi mata ruƙiyya. Na kai ta Sakkwato wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya ba da magani, ta sha. Malamai da likita kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ban zargi kowa ba. Da safe lafiyarta lau, har ta zauna jarrabawa ta ci. Amma da rana ta yi ja takan ajiye abin da ke hannunta, ta durƙusa, ta karkata kai. Sai bayan isha'i take dawowa hayyacinta ta rama sallolinta.

A farko da almuru yake farawa. Daga baya ya koma la'asar. Tun watan jiya, ana idar da azahar take durƙusawa.

Wata safiya na tambaye ta ko matar ta kusa gamawa. Ta riƙe hannuna, kamar ni ce marar lafiyar.

"Gwaggo, ta ce wanga duk gabatarwa ce."

Ku daina cewa ta yi izgili. Kuma duk mai ɗa ko ɗiya da ke wannan karatu, ya zaunar da shi yau ya gaya masa: idan ka yi sallama ba a amsa ba, kada ka zauna, kada ka yi alkawarin komai. Ka tashi ka tafi.