Ƙafar Hagu Ta Fi Gajarta

"Siririyar kalmasa kake so ko mai faɗi?" Auta ta tambaya, idonta na kan wandon audugar da ya ajiye mata.

"Amsarki nake so," in ji Malam. "Jibi zan tafi, Autata. An riga an ba ni takardar canjin makaranta."

"Siririya ko mai faɗi?"

"Yi wadda ranki ya so..."

Ranta ba abin da yake so sai ta miƙe bayanta ta huta. Shekara uku ke nan tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ita ce ɗinki, ita ce girki, ita ce ɗagawa da kwantarwa. Yayyenta kuwa sun iya gaisuwa ta waya, ba laifi. Tana son Malam, son da har tsoro yake ba ta. Amma in ta aure shi ta bi shi wani gari, wa zai juya Baba?

Ta ja alli, ta naɗe, ta hau keken ɗinki. Hannunta ya san hanya, hankalinta na can wani wuri.

Ya shiga bayan labule ya gwada. Da ya fito sai ya tsaya yana kallon ƙafafunsa. Ta dama ta sauka daidai, ta hagu ta ɗage da yatsa biyu, ga layin ɗinki biyu a bakinta.

Haka take yi wa wandunan Baba, don ƙafar da yake ja kada ta take bakin wando ta kayar da shi.

"Wayyo... kalmasar Baba na yi maka." Ta ɗauki reza. "Ka gani ko? Ko hannuna ya ba ka amsa. Ba zan iya barinsa ba. Ciro in warware, ka yi tafiyarka."

"Wa ya ce ki bar shi?"

"Ai kai..."

"Sau uku ina fara zancen, kina tare ni da zare da allura. Ɗaki biyu na nema a can, ɗaya na Baba, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Har faɗin ƙofar na auna."

Ta ajiye rezar a kan keken.

Daga ɗakin ciki aka yi tari. Ƙofar a buɗe take, ashe Baba ba barci yake ba.

"Auta," ya kira da muryarsa mai nauyi, "ɗakin nawa yana da taga?"

Malam ne ya amsa. "Biyu ma, Baba."

"To na yarda. Ke kuma daina yi wa yaron nan gardama da sunana. Ki gyara masa wando, kar ya shiga gaban ɗalibai kamar ni."

Dariya ta kubce mata, kuka ya biyo baya. Ta zauna a gaban keken, ta goge ido da bakin mayafinta.

"Ban yanke rarar yadin ba," ta ce a hankali. "Tana ciki. Wandon zai sauko."