Zoben Kujerar Baya

Rana na shirin faɗuwa Baban Auta ya tare tasi a ƙofar asibiti. Kwana tara ke nan da ya kawo 'yarsa Auta wannan baƙuwar ƙasa aka yi mata aikin ido. Tana gefensa, bandeji a fuska, ta riƙe masa hannun riga.

A shingen 'yan sanda aka tsayar da su. Wani mai tumbi ya karɓi fasfo ɗinsu, ya jujjuya, ya zura a aljihu. Direba ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba shi wani abu, in ba haka ba a ofishinsu za ku kwana."

Asibiti ya cinye komai. Baban Auta ya lalube aljihu, don ruɗewa har kujera ya lalube, sai yatsunsa suka taɓa wani zoben azurfa a lungun kujerar, da ɗumi kamar yanzu aka cire shi. Bai tambayi na wane ne ba. Ya miƙa, fasfo ya dawo.

Bayan magariba tsakuwa ta fara dukan tagar ɗakin da suka kama, a hawa na huɗu. Famfo ya buɗe kansa. Auta ta tashi zaune, ta ce da muryar tsoho, "Ina zobena?" Hannunta ya nufi bandejin. Likita kuwa ya gargaɗe shi: in ɗinkin ya ɓalle, idon ya tafi.

Ya kwana ya yini yana danne da hannuwanta, yana roƙo, yana kuka. Da la'asar mai gidan ya kawo wani tela ɗan ƙasarsu, malami mai ilimin addini. Malam ya zauna ya yi ta karatu har ɗakin ya yi tsit, sannan ya yi wa aljanin magana.

"Bawan Allah, me yarinya ta yi maka?"

"Shekara sha ɗaya ina hawa motar nan, ko ƙafar wani ban taɓa takawa ba. Ubanta ya yi cin hanci da kayana."

"Wallahi ban sani ba," in ji Baban Auta. "Ɗauki nawa idon."

"Me zan yi da idon da bai gan ni a zaune ba?"

Malam ya ce, "Zoben na hannun wani. Bi shi mana."

"Ba ma shiga sai an buɗe mana. Uban nan shi ya buɗe min ƙofar motar da hannunsa. Wancan ma sai ya buɗe."

Suka nemo direban a bakin asibiti. Magariba ta same su a shingen, malam a gaba, uba da 'ya a baya. Mai tumbi ya leƙo, zoben na walƙiya a ƙaramin yatsansa.

"Yau me kuka kawo mana?"

"Babu," in ji Baban Auta.

Ɗan sandan ya fusata, ya fizge ƙofar baya da kansa. "Ku fito!"

Hannuwan Auta suka saki. Kujerar da ke tsakaninsu, wadda ta lotsa tun daga asibiti, ta taso a hankali.

"Baba," ta ce da muryarta, "mun iso?"

Ɗan sandan na tsaye, yana ta murza zoben, amma zoben ya ƙi fita daga yatsansa.