Tukunyar Mutum Ɗaya

"Ɗago wayar sosai, Nevena, rufin shago kawai nake gani... Yauwa! Waccan mai baƙin murfi. Ita za ki saya masa."

Na ɗauko tukunyar lantarkin na jujjuya ta. Maɓallai ne reras a gabanta kamar rediyon mota.

"Yavor, Tate fa za a ba wa. Mutumin da har yau bai san inda gishiri yake zama a gidansa ba."

"Ai shi ya sa! Ya zuba wake, ya zuba ruwa, ya danna nan, ya tafi kallon labarai. Ko ƙaramin yaro..."

"Ba yaro ba ne. Mahaifina ne."

Ina jiyo ƙarar farantai a bayansa, wani na ƙwala masa kira da yaren mutanen Valencia. Ya goge gumi da bayan hannu. Ya rame. Ban faɗa masa ba, amma ya rame.

"Zuciyata, kin san ba maganar tukunya muke yi ba."

"Na sani."

"Mai gidan abincin ya ce zai riƙe miki gurbi zuwa sabuwar shekara, daga nan ya ba wata. Ɗakin da na kama taga biyu gare shi, ɗaya ko buɗe ta ba na yi, na ce taki ce. Na gaji da cin abincin Kirsimeti a tsaye a kicin ɗin mutane, Nevena. Na gaji da sumbatar gilashin waya!"

"Ka yi a hankali, a shago nake..."

"Su ji! Duk garin Troyan wa bai san ina sonki ba? Ki saya masa tukunyar nan, ki faɗa masa gaskiya, ki taho mu ɗaura aure. In kuma ba za ki iya ba..." Ya kawar da kai. "Ba zan sake roƙonki ba. Ba fushi ba ne. Ƙarfina ne ya ƙare."

Wayar ta ɗauke.

Na tsaya rungume da tukunya a tsakiyar shago, mata na ta raɓa ni suna wucewa da injin markaɗe da kwalayen cokula. Kowa ya san abin da zai saya wa nasa, ban da ni.

Yadda nake kewar mutumin nan, Allah kaɗai ya sani. Ina yanka albasa sai in tuna yadda yake ƙwace wuƙar ya ce ina wulaƙanta ta. In ga mota mai zuwa daga Sofia ta tsaya, sai in tsinci kaina ina duba masu sauka, alhali na san ba ya ciki. Wata tsohuwar rigarsa ta sanyi tana ƙarƙashin filona, ƙamshinsa ya daɗe da barinta, amma na kasa wanke ta.

To amma Tate fa?

Tun da Mama ta rasu, ni ce hannunsa ni ce cikinsa. Direban motar katako ne har ya yi ritaya, zai kwance inji ya mayar ido rufe, amma bai taɓa dafa ƙwai ba. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na same shi a kicin yana buɗe durowa ɗaya bayan ɗaya, wai cokali yake nema. Daga ƙarshe ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa. Tun ranar ban sake kwana a wani gari ba. Yayana Kalin yana Amurka, shi nasa kira ne ranar Lahadi da "Ki kula mana da tsoho."

Na mayar da tukunyar lantarkin kan kanta. Duk wanda ya ba wa Tate wannan, ya gama faɗa masa cewa mai dafa masa za ta tafi. Bakina ba zai iya ba, kwali ma ba zan bari ya faɗa a madadina ba.

"An fasa kenan?"

Lelya Ginka ce, wato Gwaggo Ginka, mai shagon, ƙawar Mama tun suna 'yan mata. Tabarau a kan hanci, kunne kuwa ko'ina.

"Ta yi masa wuyar sha'ani, Lelyo. Ba ni wancan kaskon."

"Kasko! Bara ludayi da matsamin tafarnuwa, bana kasko. Ke wai kyautar ubanki kike saya ko kayan aikinki? Ki naɗe, ya kwance, ya ce ya gode, ya miƙo miki ki soya masa. Kai, gidan ubanki Stoyko akwai abin dariya!"

"Lelyo, don Allah yau ba ni da ƙarfin wasa."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta fara naɗe kaskon tana ƙunƙuni.

"To ki gaya masa ni na gaji. Kada ya sake zuwa min nan. Ba zan sayar masa da ta huɗu ba."

"Ta huɗun me?"

Hannunta ya tsaya cak. Ta rufe baki da tafi.

"Wayyo bakina! Ya sa na rantse..."

"Lelyo!"

Ta waiga hagu da dama, ta jawo ni bayan kanta, ta nuna min jerin 'yan ƙananan tukwanen ƙasa masu murfi, irin na garinmu masu zanen ɗigo-ɗigo, waɗanda ake dafa wa mutum ɗaya a ciki.

"Shida-shida nake sayar da su, kin sani. Tun farkon azumin Kirsimetin nan ya shigo yana muzurai, wai guda ɗaya yake so. Na ce Stoyko, wa ke raba shida? Ya ce shi mutum ɗaya zai ci. Na ba shi. Bayan kwana kaɗan ya dawo, wai ta fashe, kayana ba su da kyau. Na ba shi ta biyu. Ta fashe. Ta uku ma jiya ya zo yana zagin maginin tukwane har kakansa!"

"Me yake yi da su?"

"Me ake yi da tukunya, 'yar nan? In kin tafi aiki sai ya shige kicin ɗin bayan gida. Na ce masa, ka tambayi 'yarka mana. Ya ce in kika sani ba za ki yarda ba, sai ya iya tukuna zai nuna miki. Na so in koya masa, ya ce shi bai zo makaranta ba."

Na zauna a kan wani kwali.

Ashe shi ya sa kwanan nan yake cewa ba ya jin yunwar rana. Ashe ƙaurin da nake ji a rigarsa ba na taba ba ne.

"Lelyo, kwance kaskon."

"Lantarkin zan naɗe?"

"A'a. Ba ni ta huɗun."

*

Da safiyar jajiberin Kirsimeti na ajiye masa ƙunshin kusa da kofin shayinsa. Dusar ƙanƙara ta rufe tsakar gida, murhun itace na ta ci.

"Tun yanzu? Ai sai gobe ake buɗewa."

"Wannan ta yau ce, Tate."

Ya kwance takardar da manyan yatsunsa. Da ya ga abin da ke ciki, kunnuwansa suka yi jawur.

"Ginka! Matar nan bakinta ya fi ƙofar gareji faɗi!"

"Yaya kake yi suke fashewa?"

"Ƙasar ce ba ta da kyau. Maginan yanzu..."

"Tate. Yaya kake yi?"

Ya sosa ƙeya. "Yadda ake yi mana. In hura wuta ta kama sosai, tanderu ya yi zafi jau, in zuba ruwan sanyi da wake, in tura. Can sai in ji ɗas!"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Duk yarinyar da ta tashi a Troyan ta san wannan tun ba ta kai tsayin tebur ba, shi kuwa ya shekara arba'in yana cin abincin tukunyar ƙasa bai taɓa kallon yadda ake sa ta a wuta ba.

"Sabuwa ai jiƙa ta ake yi tukuna, ta sha ruwa. Kuma ba a sa ta a tanderu mai zafi. Da sanyinsa ake sakawa, su ɗumama tare."

"To me ya sa ba a rubuta a jiki ba?"

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ya juya tukunyar a tafin hannunsa, ya ƙi kallona.

"Bangon gidan nan ba kauri gare shi ba, Nevena. Ina jin ki. Ki gama waya da yaron nan, ki buɗe famfo don kada in ji kukanki. Ni tsoho ne, ba kurma ba."

"Tate, ba inda za ni. Na riga na..."

"Rufe min baki! Uwarki ta dafa min shekara arba'in, ita ta zaɓa, ni ma na zaɓe ta. Ke ban haife ki don ki tsufa a gaban murhuna ba. So kike in je in tarar da ita ta tambaye ni ina jikokinta, in ce na cinye su da miyar wake?"

"In na tafi wa zai..."

"Ni! Ba ga tukunya ba? Tashi ki nuna min, kafin in canza ra'ayi."

Muka jiƙa ta a baho. Na ba shi wake daga wanda na jiƙa tun jiya, na koma gefe na harɗe hannuwa a baya don kada su kai masa ɗauki. Ya yanka albasa manya-manya kamar zai ba wa doki. Ya zuba busasshen tattasai da na'ana'a. Gishiri kuwa, na ce kaɗan, ya ce shi ya san bakinsa.

Kicin ɗin baya muka je, inda murhu bai ga wuta ba tun jiya. Ya tura ta tanderu da sanyinsa, sannan ya hura wuta. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta, kunne a miƙe, yana jiran ɗas.

Shiru.

"Ba ta fashe ba," ya ce can, da 'yar ƙaramar murya.

"Ba za ta fashe ba."

Na koma cikin gida na ci gaba da aikina. Sau biyu na kira Yavor, bai ɗauka ba. Na san ranar aiki ce mai zafi a wurinsu, amma zuciya ba ta jin wannan bayanin. Ina naɗe shinkafa a ganyen kabeji ina cewa, shi kenan, na makara, ya gaji da gaske.

Da rana ta faɗi na jera abinci bakwai a tebur, babu nama babu mai na dabba, yadda Mama take yi. A daren nan bakwai ake jerawa, ko tara, ko sha ɗaya, takwas kuwa rashin sa'a ne. Sai ga Tate ya shigo riƙe da tukunyarsa a cikin tawul, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko jariri. Ya ajiye ta a tsakiya, ya ƙirga da yatsa, ya zaro ido.

"Takwas! Kin ga abin da kika jawo? A daren nan! Maza kawo wani abu!"

Na ruga na ɗauko zuma a ɗan faranti, suka zama tara. Ya sauke ajiyar zuciya. Ya zagaya ɗakin da turaren wuta, muka yi addu'a, muka zauna.

Ya ɗauki burodin da na gasa ya fara gutsurawa, kamar kowace shekara.

"Wannan na Budurwa Maryamu." Ya ajiye gaban hotonta. "Wannan na gida. Wannan nawa. Wannan na Kalin, ɗan banzan da ba ya zuwa." Ya ajiye shi a gefen tebur inda ake ajiye na wanda ke nesa. "Wannan naki."

A nan ake tsayawa. 'Yan gida kaɗai ake gutsura wa burodin daren nan.

Sai na ga ya sake gutsurawa.

"Wannan kuma na wancan mai dogon wuyan. Ki gaya masa an ajiye masa. Ki gaya masa kuma in ya sa ki kuka a ƙasar mutane, na san hanya, na tuƙa mota har gaba da can."

Ya ajiye shi kusa da na Kalin.

Ba a tashi daga teburin daren nan sai an gama, don haka daga zaune na jawo wayar na kira Yavor. Wannan karon ya ɗauka.

"Nevena? Yi haƙuri, tun safe ban zauna ba, yanzu na ga..."

Na juya wayar na nuna masa gutsuren burodin.

"Na waye wannan?"

"Naka. Tate ne ya gutsura."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya cire hular aikinsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na girgiza.

"Kai, yaro!" Tate ya leƙo. "Ba a kuka a kan abinci. Je ka buɗe mata tagar nan da kake ta damun mu da zancenta har ina jiyowa ta bango, ɗaki ya sha iska."

"To, Tate," Yavor ya ce cikin hula. Bai taɓa kiransa haka ba. "Zuciyata... yaushe?"

"Kafin sabuwar shekara."

Da na ajiye wayar, Tate ya buɗe murfin tukunyarsa ya ɗebo min cokali guda. Waken ya nuna, amma gishiri, wayyo Allah! Har cikin kunnena na ji shi.

"Yaya?"

"Ya yi daɗi, Tate."

"Maƙaryaciya. Uwarki sak." Ya jawo tukunyar gabansa ya hau ci, yana yamutsa fuska yana haɗiyewa. "Zan gyara. Ina da lokaci."

Na dube shi, ƙaton mutum da 'yar tukunyarsa a gaban tebur mai kujera shida. Na dubi gefen tebur, inda gutsure biyu ke ajiye babu mai ci.

"Tate... baɗi nawa ma can za ka ajiye."

Cokalinsa ya tsaya a hanya. Bai ɗago ba.

"Can zan ajiye," ya ce. "Babba zan gutsura miki."

Ya kai cokalin baki, hawaye na gangarowa cikin gashin bakinsa, ya ci gaba da taunawa.