Zanen Mama Kande

Gab da magariba Grace ta gama sauke kayanta a bakin titin Gauraka. Jakunkunan da ta ɗinka a satin ta kawo wa Madam Olufunke, mai rumfa kusa da masu gasa masara, inda ma'aikatan Abuja ke sauka su ɗan yi sayayya kafin su ƙarasa gida. Hadari ya haɗu a gabas, iska mai sanyi ta fara kaɗa ledoji a kan titi.

"Mama Tanko, rufe yaro da kyau, ruwa yana zuwa," in ji Olufunke. "Masu shuɗin nan fa, babu saura? Mutane suna tambaya."

"Sun ƙare, Madam. Ɗan abin da ya rage na sa a bargon nan."

Grace ta warware bargon facin da ta ɗinka wa ɗanta Tanko, ta yafa a kan goyon, ta ɗaure a ƙirji. Bargo ne mai kyau, guntayen atamfa kala-kala, shuɗin nan ya ratsa shi nan da can. Inda shuɗin ya fito kuwa, ita kaɗai ta sani, sai Allah, sai wadda ke cikin ƙasa.

Grace tela ce ta cikin gida, a wani gidan haya a Kwamba. Hannunta na da kyau, wannan ba a ƙwace mata ba. Ƙyallayen da wasu teloli ke zubarwa a bola, ita sai ta haɗa su su zama jaka ko bargo, ka rantse daga kanti suka fito. Halinta ne dai sai a hankali.

Surukarta, Mama Kande, ta zo zama da su ne lokacin haihuwar Tanko, wanda aka sa wa sunan marigayi mijin tsohuwar. Kullum yana cinyarta, tana ce masa maigida irin na kakanni. Ba a daɗe ba ɓarin jikinta ya shanye. Baki ya karkace, magana ta ɗauke, sai idanu kawai. Obadiya, mijin Grace, direba ne a Abuja, sai ƙarshen mako yake leƙo gida. Gida ya zama daga Grace sai tsohuwar da ba ta iya kai ƙara.

To, tsohuwar nan tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da zannuwan da ta tara tun ƙuruciya, kafur a kowane lungu. Can ƙasa akwai shuɗin zanenta na zumuntar matan coci, sabo fil, ko ruwa bai taɓa gani ba. Tun tana da baki ta sha faɗa wa kowa, "Da wannan za a kai ni. Kada a sa ni a ƙasa da tsumma."

Ranar da Grace ta rasa ƙyallen da zai dace da wata jaka, sai ta jawo akwatin. Da a ɓoye ta yi ma da sauƙi. A gaban gadon ta shimfiɗa zanen, ta ja layi da alli, ta sa almakashi. Tsohuwa na kallo, hawaye na bin gefen fuskarta, hannun da ke motsi yana dukan katifa.

"Mama, me za ki yi da su?" in ji Grace, tana dariya. "Biki za ki je?"

Haka ta bi zannuwan ɗaya bayan ɗaya, kullum a gaban mai su, har ta kai ga shuɗin. Ranar tsohuwa ta yi wani gurnani kamar akuyar da aka taka wa wuya. Grace ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyo. Allah wadai da zuciya irin wannan.

Da farkon damina Mama Kande ta rasu. Matan zumunta suka zo shirya ta, suka nemi zanen. Grace ta yi mirsisi ta ce gara ta cinye akwatin kaf. Da tsohon zanen gadon da ta yi jinya a kai aka naɗe ta, wanda ya koɗe har ana ganin haske ta cikinsa.

Yau ga shi an kusa cika wata uku, kuma ko a mafarki Grace ba ta taɓa tuna ta ba.

Napep ɗin da ta shiga bai kai Kwamba ba. Da rana an yi ruwa can gaba, rafi ya cika ya haye kwalbati. Mai napep ya kashe inji ya ce, "Madam, nan ne iyakata." Sauran fasinjojin suka juya za su zagaya ta babban titi. Grace ta dubi hadari, ta dubi wata siririyar hanya da ta ratsa gonar masara, wadda ta san tana ɓullewa bayan unguwarsu. Ta ce a ranta kafin su zagayo ita ta ɗora tukunya.

Masara ta fi ta tsawo. Ganye na gogar hannayenta, taɓo na kama silifas. Daga nesa ta ji an fara kiran sallar magariba a cikin gari, kwaɗi na ta kuka a bakin rafi. Tanko ya yi barci, numfashinsa mai ɗumi na sauka a wuyanta.

Ta yi nisa a ciki sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki. Kiran sallar ma ta neme shi ta rasa.

Sai wari. Ba na taki ba, ba na taɓo ba. Kafur. Kafur mai ƙarfi, haɗe da man zafi da tsamin ɗakin jinya.

Ta ƙara sauri.

A bayanta ta ji taku. Ƙafa ɗaya na sauka, ɗayar ana jan ta a cikin taɓo. Ta tsaya, ya tsaya. Ta ci gaba, ya ci gaba.

Sai ta ji wani ɗan ƙaramin sauti dab da kunnenta, sautin da duk tela ta sani. Tsit. Zare ne ya tsinke. Tsit. Tsit. Wani na warware ɗinkin bargon da ke bayanta, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Iska ta shigo mata ta inda aka cire faci.

"Grace."

A hankali aka kira, da muryar da ta daɗe ba ta ji ba. Ƙafafunta suka kafe a taɓo. Ta juya, don ba yadda ta iya.

Mama Kande ce tsaye tsakanin karan masara, naɗe da koɗaɗɗen zanen gadon nan, jar ƙasa ta manne masa. Bakin na nan a karkace. A hannunta mai lafiya tana riƙe da guntayen shuɗin ƙyalle, zare na lilo a gefensu.

"Ƙasa akwai sanyi, 'yata," ta ce. "Na zo karɓar zanena."

"Mama..." in ji Grace. "Mama, ki yi mini rai."

Tsohuwa ba ta ko dube ta ba. Ta miƙa farce ta ci gaba da tsinke zaren, ta cire sauran shuɗin da ke bargon tas. Ta jera guntayen a kan shanyayyen hannunta, ta auna da tafi. Ta sake aunawa. Ko gwiwarta ba za su rufe ba.

"Bai kai ba. Ina sauran?"

"Na yi jakunkuna. An sayar."

"To, da me za a cike?"

"Ɗauki zanena, Mama. Ɗauki rigata. Gobe zan sayo miki sabo, wanda ya fi shi."

"Naki ba nawa ba ne." Ta matso, tana jan ƙafar. Warin kafur ya cika wa Grace baki. "Amma tela ba ta rasa abin cikawa. A wurinki na koya. Ina kwance ina kallo, kullum."

Ta zagaya bayan Grace.

"Maigida, tashi mu gani."

Tanko ya farka. Bai yi kuka ba. Dariya ya ɓaɓɓake da ita, irin ta yaron da ya ga wadda ya sani.

Grace ta ji wani hannu mai sanyi ya ratsa tsakanin bayanta da cikin yaron, ya ɗaga rigarsa. Ta so ta yi ihu, maƙogwaro ya ƙi. Ta so ta kira sunan Yesu, leɓe ya ƙi motsi. Tana tsaye kamar an dasa ta, tana ji, ba ta iya komai.

Sai ƙarar alli.

Layi. Kwana. Layi.

A kan cikinsa. A kan bayansa. Sannan wani dogo, a hankali, can sama.

Allin ya tsaya.

Sai ta ji almakashi ya buɗe baki.

A daidai lokacin aradu ta faɗi, sama ta ɓalle da ruwa. Ko tsawar ce ta sake ta, ko zafin uwa ne, oho. Grace ta fizge ragowar bargon ta wurga baya, ta jawo yaron ƙirjinta, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Masara na marin fuskarta, silifas suka tsaya a taɓo, ba ta waiwaya ba.

Muryar ta biyo ta cikin ruwan, ba ɗaga sauti, kamar a kafaɗarta ake magana.

"Kawo mini sauran, 'yata. Na riga na ja alli."

Ta faɗa gida jiƙe sharkaf, ta danna sakata, ta kunna fitila, ta tuɓe wa yaron riga. Ga su nan. Fararen layuka, miƙaƙƙu, tsaf, a kan baƙar fatarsa. Kallo ɗaya ta yi musu ta gane, don awonta ne. Ga gaban jaka a ciki, ga bayanta a gadon baya, ga 'yan aljihuna a cinyoyi. Siririn dogon layin kuwa, na igiyar ratayawa, ya zagaye wuyansa.

Ta wanke da sabulu, ta goge da soso, ta shafa kananzir har yaron ya yi kukan zafi. Layukan ko gezau. In ta taɓa fatar da ke cikin layin sai ta ji ta sanyi ƙalau kamar gindin randa. Grace ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai cin rai, don ta fi kowa sanin abin da ke biyo bayan alli.

A asibiti an ce ciwon fata ne, aka ba ta man shafawa. Obadiya da ya dawo ya ga yaron, ya jawo akwatin ƙarfen ya tarar da shi wayam ba ko alamar gara, ya dubi matarsa. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Tun daga ranar dai bai ƙara cin abincin hannunta ba.

Grace ta rufe keken ɗinkinta ta shiga farautar jakunkuna. Ta bi wata malamar makaranta har Sabon Wuse. Ta durƙusa wa wata 'yar bautar ƙasa a tasha, mutane na kallo suna cewa ta taɓu. Duk wadda ta samu, sai ta warware shuɗin, ta kai makwancin tsohuwa, ta tona gefe da hannu ta binne. Kashegari sai layi ɗaya ya ɓace, wurin ya yi ɗumi. Na cikin ya tafi, na bayan ya tafi, na cinyoyin suka bi.

Na wuyan ya rage, saura jaka ɗaya tak.

"Ai na tuna ta," in ji Olufunke, da Grace ta matsa mata. "Mai doguwar igiya, shuɗiya zalla. Wata mata ce ta saya ta tagar mota, direba na ta hon. Ban san sunanta ba, Mama Tanko. Ban ma san ko Kaduna za ta ko Legas ba."

Shi ke nan Grace ta zama 'yar bakin titi. Kullum da yamma tana Gauraka da goyonta, wuyan yaron naɗe da ɗankwali, tana leƙa tagar duk motar da ta rage gudu. Masu gasa masara sun saba da ita, har sun daina tambaya.

Wata yamma, ana gab da kiran salla, wata doguwar bas ta taho daga wajen Abuja. A tagar baya wata mata na gyangyaɗi, kanta jingine da gilashi, shuɗiyar igiya a kafaɗarta. Grace ta gane ɗinkinta tun daga nesa. Ta ɗaga hannu, ta faɗa titi, ta bi motar da gudu tana dukan gefenta tana roƙo. Yaron mota ya leƙo ya yi mata daƙuwa. Bas ɗin ta ƙara wuta ta miƙi hanyar Kaduna, har fitilunta suka ɓace.

Grace ta tsaya a gefen kwalta tana haki, tafin ƙafarta na zubar da jini. Sai ta ji ɗankwalin wuyan yaron ya zame ya faɗi ƙasa, alhali ita ba ta taɓa shi ba. A bayanta Tanko ya yi dariya, ya ɗaga haɓarsa sama, yadda yara ke yi in tela za ta auna musu wuya.