Albasar Baba da Ƙuri'ar Ficewa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Ta kai wa Baba abinci gona, ta tarar da wani ya dunƙule a bayan injin ban ruwa yana ta fama. Da ya miƙe sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa, ga baƙin mai har goshi. Dariya ta kuɓuce mata. Shi kuwa ya tsaya da sifana a hannu, ya manta abin da zai ɗaure.

Dogo ake ce masa, makaniken da ke gyara wa manoman kwarin injinansu. Tun daga ranar injin Baba bai sake hutawa ba. Kullum sai Dogo ya ji wata ƙara a cikinsa da ba mai jin ta sai shi, kuma ba ta tashi sai lokacin kai abinci.

Ba a jima ba saƙo ya fara shigowa wayarta.

"Autata, na dirje hannuna har ya yi zafi, baƙin man ya ƙi fita. Za ki iya da miji mai baƙin hannu?"

Ta rubuta masa: "Dogona, bar hannun yadda yake. Zuciyar dai nake so fara."

Da a wata shekarar suka haɗu, da tuni an sha biki. Sai dai shekarar ce aka ce za a jefa ƙuri'a, ko ƙasarsu ta fice daga tarayyar da ta haɗa ta da maƙwabta, ko ta zauna. A cikin tarayyar nan mutum da kayansa kan tsallaka iyaka ba takarda, ba haraji.

Baba ɗan a fice ne na gaske, kuma yana da dalilinsa. Duk shekara yana gama cire albasarsa sai manyan motoci su shigo daga tsallake da mai araha, tasa ta zauna a rumfa tana tsiro. Ya gaji da noma wa asara.

Dogo kuma ɗan a zauna ne, shi ma da nasa dalilin. Kayan gyaransa daga tsallake suke zuwa. Sannan mahaifiyarsa tana can, tun da ta sake aure bayan rasuwar mahaifinsa, kuma duk ƙarshen mako yakan hau babur ya je ya gaishe ta ya dawo.

Garin ya rabe biyu. Mutanen da ke shan ruwan magudana ɗaya suka daina gaisawa a bakinta. Har mai shayi sai da ya ƙaro benci, don 'yan a fice sun ce ba za su haɗa kafaɗa da 'yan a zauna ba.

A cikin wannan hali kawun Dogo ya zo neman izini. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya yi tambaya ɗaya tak, ina yaron zai jefa ƙuri'arsa. Da ya ji amsar sai ya ce shi ba zai tilasta wa 'yarsa kowa ba, amma ba zai ba da ita ga wanda ke son ganin albasarsa na ruɓewa ba.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Umma ta ce ta yi haƙuri, mahaifinta akwai taurin kai amma ba mugu ba ne. Abin da ya ƙara mata baƙin ciki shi ne ɗan shugaban manoma, wanda ake kira Mai Lasifika don yawon da yake da ita yana kiran a fice. Ya fara sintiri a ƙofar gidansu wai yana sonta, kuma ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka taro yake wa jawabi.

Ana cikin haka aka shirya babban gangamin 'yan a fice a birni. Baba ya bi mota tun safe. Da rana Dogo ya biyo ta gefen gonarsa, ya ga ƙasa ta bushe ta tsage, ganyen albasa duk ya kwanta ya yi rawaya. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka 'yan ɓangarensu ne suka tare wa dattijon ruwa don mugunta. Ya zuba man da ke cikin babur ɗinsa a injin, ya tayar, ya bi kowane fangalin albasa ya cika shi taf da ruwa.

Da yamma ya turo saƙo: "Autata, yau na yi wa Baba abin da zai sa ya so ni ko bai so ba. Albasarsa ta kusa mutuwa da ƙishi, na ba ta ruwa har ta ƙoshi."

Wayar ta kusa suɓuce mata. Ko yaron goye a gidan manomin albasa ya san idan ganye ya kwanta to ta ƙosa ke nan, ana yanke mata ruwa da gangan don ta bushe kafin a cire. Baba da kansa ya toshe hanyar ruwan. Dogo ya san cikin inji kamar tafin hannunsa, amma albasa a miya kawai ya san ta.

Washegari Baba ya tsaya a bakin gonarsa, ƙafarsa na nutsewa a taɓo. Mai Lasifika ne ya yi maganar a madadinsa. Kafin azahar ya zagaye gari yana cewa 'yan a zauna sun yi wa dattijo zagon ƙasa. Matasa suka fara taruwa da sanduna a gaban shagon taki na wani ɗan a zauna da suke zargi.

Auta ta tsorata. Ta rubuta: "Don Allah ka yi shiru. Ba wanda ya gan ka. In Baba ya sani mun rabu har abada."

Amsar ta zo a gajarce: "In na yi shiru za a fasa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ki yafe mini, Autata."

Tana leƙe ta taga ya zo ya durƙusa a gaban Baba, cikin mutane, ya faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe.

"Wato ba mugunta ba ce," in ji Baba. "Wauta ce."

"Wauta ce, Baba."

"To wanda bai san albasa ta ƙosa ba, shi zan ɗauki 'yata in ba? Tashi ka ba ni wuri."

Matasan suka watse suna dariya, sanduna a kafaɗa. Auta ba ta ga abin dariya ba. Ta koma ɗaki ta kwanta da fuskarta a bango.

Aka cire albasar jiƙe, aka baza a rumfa, ta fara ruɓewa daga wuya. Wari ya cika gidan. Dole a bi ta ɗaya bayan ɗaya, a latsa wuyan kowace, a ware mai laushi kafin ta shafi 'yan'uwanta. Mai Lasifika ya leƙo sau ɗaya, ya toshe hanci, ya ce yana da taro.

Dogo kuwa ya rufe shagonsa. Kowace safiya sai ya zo ya zauna a can ƙarshen rumfar, ba sallamar da ake amsa masa, ya yi ta latsawa yana warewa. Da farko har masu kyau yake zubarwa. Wata rana Baba ya kasa daurewa, ya fizge albasa daga hannunsa, ya kama babban yatsansa ya ɗora a wuyanta, ya ce nan ake ji. Auta na tsaye da tulun ruwa, ta ga hannun Baba a kan baƙin hannun nan, ta juya da sauri don kada a ga hawayenta.

Fiye da rabin albasar ta tafi juji. Ranar ƙuri'a tare suka fita daga rumfar, suka shiga layi ɗaya, kowa ya jefa inda ya yi niyya. 'Yan a fice suka yi nasara.

Da aka faɗi sakamako a rediyo suna zaune a kan buhuna. Baba bai yi murnar da ake zato ba. Ya dubi Dogo da ya sunkuyar da kai, ya ce ya gaya wa kawunsa ya dawo.

Kafin ranar auren aka rufe iyaka, aka ce sai da takarda, takardar kuma ba a fara bayarwa ba. Aka ɗaura aure, aka cika gida, amma kujerar da Umma ta ajiye wa mahaifiyar ango ba wanda ya zauna a kai. Auta ta ga mijinta na murmushi ga baƙi, idonsa na komawa ƙofa.

Da gari ya waye Baba ya aro motar ɗaukar kaya, ya ce su shiga. Bai faɗi inda za su ba har suka isa iyaka. An gitta ƙarfe a hanyar da Dogo ya saba wucewa ko birki bai taka ba. A can ɗaya gefen wata tsohuwa na tsaye da mayafinta na fita biki, Baba ne ya kira ta tun jiya.

Jami'in da ke tsaron iyakar ya bar su suka matsa har jikin ƙarfen. Tsohuwar ta miƙo hannu ta shafa fuskar ɗanta Dogo, sannan ta kama hannun Auta ta haɗa da nasa a saman ƙarfen.

Baba ya cire hularsa. "Yaya, ni na jefa ƙuri'ar nan, kuma ko gobe aka sake zan sake jefawa. Amma wallahi albasa nake nufi. Ban san har da ke na rufe wa ƙofa ba."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi. Ta ce ta ji, ya riƙe mata ɗanta amana tunda yanzu shi ne kusa.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa in ɗauki jikana da hannuna, ba ta saman ƙarfe ba."

Suka amsa da amin. Jami'in ya ce lokaci ya yi. Auta ta ji yatsun tsohuwar na zamewa daga nata a hankali, sai ta ƙara damƙe baƙin hannun Dogo, ba ta sake shi ba har suka iso gida.