Inda Idon Naja'atu Yake Kallo

Naja'atu tana tsakar gida tana shanya zannuwan Inna aka yi sallama da saƙo daga Gwarzo. Saura mako biyar bikinta da Uwaisu, mai zanen hotuna da ke da shago kusa da tashar Gwarzo. Sauran amare wurin mai hoto ake kai su a ɗauki wanda za a buga a kalanda da jakunkunan rabo, amma shi ya ce da hannunsa zai zana tasa amaryar.

Gwaggo Marka, ƙanwar marigayi mahaifinta, wadda ta zo Kabo daga Masanawa don shirin biki, ita ta yage takardar da aka naɗe saƙon, sai ga hoton Naja'atu. Ta jingine shi a jikin randa, ta ja da baya.

Kama dai ta fito, har ɗan tabon haɓa. Sai dai babu ko alamar murmushi. Bayanta shuɗi ne mai duhu, idanun sun karkata hagu, hannu ya damƙe bakin hijabi kamar mai shirin miƙewa.

"Ke, zo nan," in ji Gwaggo. "Wa kike kallo a nan?"

"Gwaggo, ai zane ne."

"Na san ba tuwo ba ne. Amaryar da ake so haƙora take nunawa. Wannan fuskar mai jiran wani ce. Ko dai kina da wani a ƙasa, ko kuma yaron nan ya jiyo wani abu a kanki, ya rasa bakin faɗa, ya aiko mana da fenti."

Daga ɗaki Inna Safara'u ta kira da muryarta mai nauyi. Shekara biyu ke nan ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma Naja'atu, 'yar autarta, ita ke yi mata komai. Ta ruga ta juya ta, ta gyara mata filo. Da ta fito, Gwaggo ta riga ta ɗauki hoton ta nufi gidan yayanta Baffa Jalo, waliyyin Naja'atu.

Naja'atu ta laɓe bayan madafi ta kira Uwaisu.

"Me na yi maka? Duk 'yan matan da kake zana wa kastomominka dariya suke yi. Ni ce kawai mummuna?"

"Sori, Naja. Abin da na gani na zana."

"Me ka gani?"

"Ba maganar waya ba ce. Ki yi min haƙuri zuwa—"

Ta kashe. Kwana uku ba ta ɗaga kiransa ba. In ta ɗora tukunya sai ta yi ta juya maganar. Ko ya gaji ne? Ko 'yan uwansa sun ce kada ya kwaso 'yar gidan jinya? Gwaggo kuwa ta sa mata ido: in waya ta yi ƙara sai ta miƙo wuya, in Naja'atu ta leƙa ƙofa sai ta ce, "Bai zo ba tukuna?" Har akwatinta ta bincika, ba ta samu komai ba sai katin asibitin Inna. Naja'atu kuwa takan share hawaye da gefen zani kafin ta shiga ɗaki, don kada Inna ta gani.

Ranar Alhamis bayan la'asar Baffa Jalo ya kira Uwaisu. Aka zauna a zauren gidan su Naja'atu, hoton a tsakiya. Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya gyara zama.

"Yaro, mu ba ma ɓoye-ɓoye. Idan ka ga wani aibu a 'yarmu, faɗi. Idan ita ce ba ta sonka, kayanku suna nan ba a taɓa ba, gobe a mayar."

Naja'atu kuwa tana durƙushe bayan Gwaggo.

Uwaisu ya sunkuyar da kai. "Baffa, a yafe min. Shekara guda ina zuwa zance zauren nan. Nan nake zama, ita can. Ba ta taɓa yin minti biyar tana kallona ba. Idonta kullum yana hagu." Ya nuna ƙofar shiga gida. "Tana sauraron ko Inna za ta kira. Da aka sa rana sai abin ya ƙaru. Ana maganar gado da kujeru, ana maganar girki, amma ban ji wanda ya ce wa zai riƙa juya Inna in an kai Naja'atu Gwarzo ba. Ita kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba. Ni kuma baƙo ne, ba hurumina ba ne in faɗa wa manya. Na gwada zana ta tana dariya har sau uku, sai in ga ƙarya nake yi."

Baffa ya juyo.

"Naja'atu, haka ne?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. "Baffa, ina son sa. Amma Inna ko ruwa ba ta iya ɗauka da kanta. Yayyena kowacce na gidanta. Na ce in na yi magana za a ce ba na son auren."

Gwaggo Marka ta jawo hoton, ta sake dubawa, ta daɗe. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Kwana goma ina gidan nan ina ƙirga kwanuka, yarinya na ɗaga uwarta ita kaɗai a gabana." Ta goge ido. "Me nake tsarewa a Masanawa, ni da awaki biyu? Yaya, a gyara min ɗakin kusa da Safara'u. Na dawo." Ta harari Uwaisu. "Kai kuma, da ka aiko a gaya min a kunne, da ban zubar da mutuncina a akwatin yarinya ba."

"Tsoronki nake ji, Gwaggo."

"Ka ci gaba da ji."

Baffa ya yi dariya, ya ce biki yana nan a ranarsa, kuma duk Juma'a Uwaisu zai kawo matarsa ta wuni da mahaifiyarta.

An ɗaura aure, aka kai amarya Gwarzo da zuciya a kwance, domin ta bar Inna a hannun da ta yarda da shi. Haƙurin da ta yi na shekara biyu bai tafi a banza ba. Sau da yawa damuwar na kusa da mu tana bayyane a fuskarsa, sai mu yi saurin fassara ta da mugun zato. Duk wanda ya ga ɗan uwansa cikin damuwa, ya fara tambayarsa abin da ke damunsa kafin ya zarge shi.