Babi na Uku na Kundin Japheth

"Wace ce 'yarinya ta biyu' a nan?" Ƙauna ta dire takardun a gaban Japheth, a ɗakin karatu na jami'a a Samaru.

Bai ɗago ba.

Malaminsu na nazarin al'umma ne ya ba su aiki: kowa ya kwatanta rubuce-rubuce biyu kan rayuwar wasu mutane, ya gano yadda kowane marubuci ya samo labarinsa. Ƙauna ta zaɓi littafin wani Bature, tana neman rubutu na biyu. Winifred, 'yar ajinsu da ta daɗe tana son Japheth, ta miƙo mata babi na uku na kundinsa tana murmushi.

Gidan su Ƙauna na Sabon Gari ne a ciki. Abincin Lahadi bayan coci, wanda Japheth ya yi wata takwas yana zuwa ci a matsayin mai neman aurenta.

"Ƙauna tawa, ai na sauya sunaye..."

"Ka sauya sunaye! Gida nawa ne a layinmu ke da goggo mai rabon nama da hannun hagu? Zance kake zuwa ko bincike?"

"Da farko bincike ne. Daga baya..."

"Baturen da na kwatanta ka da shi ma tambaya yake yi. Kai kallo kawai ka yi!"

Labari ya riga ta isa gida. Goggo, yayar mahaifinta, ta ce ba za a karɓi gaisuwar iyayensa ba.

Da ya zo ba da haƙuri, sharaɗi ɗaya Ƙauna ta sa masa: ya karanta babin da bakinsa a gaban 'yan gidansu.

Ranar Lahadi ya zauna a tabarma yana karantawa, gumi na ɗiga a takarda. Ya iso inda ya rubuta cewa rabon nama shaida ce ta ikon Goggo a gidan.

"Dakata," in ji Goggo. "Iko? Ciwon hannu ke damun uwar Ƙauna, shi ya sa nake rabawa. Wata takwas ba ka iya tambaya ba?"

"Na yi kuskure, Goggo. Zan cire babin."

"Ka cire, a ce ba mu isa shiga littafi ba? Gyarawa za ka yi."

Sai la'asar suka gama, layi-layi. Ƙauna ta ƙirga gyara goma sha tara, ba ta taya shi ko ɗaya ba.

Goggo ta miƙe tana kaɗe zani.

"Iyayenka su zo Asabar. Ke kuma ki zuba masa abinci, ya sha faɗa."